Fayil ɗin da Ya Ɓace a Kwana na Sittin

Ka ga motar. Kada ka ce ba ka gan ta ba. Farar motar asibiti ce mai jan rubutu a gefe, ta wuce ta gabanka ranar Laraba da hantsi, bayanta ya yi ƙasa saboda nauyin buhunan siminti, ka bi ta da ido har ta sha kwana ta nufi sabon ginin Kansila. Ka ja tsaki, ka ce wa na kusa da kai abin nan sai addu'a, ka ci gaba da kurɓar shayinka. A daidai wannan lokaci Ungozoma tana tsaye a ƙofar ƙaramin asibitin unguwa tana ta buga waya, a ciki kuma ga mace naƙuda ta gardama mata tun asuba. A baro aka tura ta zuwa babban titi. Uwar ta rayu. Jaririn bai kai babban asibiti ba.

Mutum ɗari sun ga motar nan. Mutum ɗaya ya rubuta ƙorafi, ita ce Ungozoma.

Dokar ƙaramar hukumar ba ta da wuyar ganewa. Duk wanda ya ga zaɓaɓɓe ko ma'aikaci ya saɓa ƙa'idar aiki, sai ya rubuta, ya sa hannu, ya rantse, ya miƙa wa Kwamitin Ɗa'a. Kwamiti yana da kwana sittin ya buɗe zama a bainar jama'a. Ranar zama dole a ɗora ainihin takardar a kan teburi, ba kwafi ba. In kwana sittin ya cika ba a buɗe ba, ƙorafi ya mutu, ba a kuma sake shigar da shi. Sau uku ana ɗage zaman Ungozoma: yau ba wuta, gobe wani mamba ya yi tafiya, jibi ana fentin zaure. Haka aka yi ta tura shi har ranar ƙarshe, ƙarfe biyu na rana, ofis kuma ƙarfe huɗu yake tashi.

Da safiyar wannan rana, fayil ya ɓace.

*

Kafin ƙarfe tara barandar sakatariya ta cika. Masinjoji, masu buga takardu, masu jiran sa hannu, kowa ya zama alƙali. Gilashin tagar ɗakin ajiya ya fashe, durowa ta uku tana buɗe, fayil babu shi. An ma riga an yanke hukunci: Inna Mai Shara ce. Tana da mabuɗin ɗakin, an kuma gan ta jiya da yamma tana ƙus-ƙus da direban Kansila a bayan tankin ruwa. Ita ta nuna masa tagar, in ji su.

Jami'ar binciken kwamitin ba ta tsaya sauraron su ba. Mai-sawu ake ce mata, saboda mahaifinta sana'arsa ke nan, bin sawun dabbobin da aka sace, ita kuma tun tana ƙarama take bin bayansa tana riƙe masa gorar ruwa. Ta yi karatu, ta dawo da takardunta, shekara biyu ke nan tana wannan aiki ba ta taɓa ganin an buɗe zama ko ɗaya ba.

Bayan ginin ta fara zagayawa. Jiya an tafka ruwa daga azahar har lokacin tashi, ƙasar gindin tagar ta yi laushi kamar kwaɓin gini. Ta tsuguna. Ga sawun kyanwa, ga na wata kaza mai ɗingishi. Na mutum babu. Fasassun gilasai kuma duk a waje suke, kwance a kan taɓo, busassu, ko ɗigon laka bai fantsama musu ba. Daga ciki aka fasa, bayan ruwa ya ɗauke.

Ta shiga ɗakin. Makullin durowar ya mutu tun kafin ta kama aiki, sau uku tana rubuta takarda a gyara. Fayiloli suna tsaye a jere, kawunansu daidai wa daida, ban da guda ɗaya: wanda ke bayan gurbin da aka zare na Ungozoma. An karkata shi, kusurwarsa ɗaya ta ɗago sama kamar kunnen jaki. Da farko ta ɗauka ɓarawo ne ya jawo shi cikin sauri. Da ta duba da kyau sai ta ga an dasa shi ne daram, an tokare gindinsa. Ta ɗauki hotonsa da waya, ta mayar da shi daidai, ta rufe durowar.

"Uwata, kina nan kina lissafin sawun tururuwa?"

Sakataren kwamitin ne a bakin ƙofa, baƙin kundin dokokin kwamiti a hammatarsa kamar kullum. Kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta ciki ɗaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba.

"Kawu, ba ta taga aka shigo ba."

"To ai shi ke nan, ta ƙofa ke nan, mabuɗi kuma uku ne: nawa, na Mai Rajista, na tsohuwar nan. Na sa an bincike kowane ofis, nawa aka fara. An kwance min durowa har da maganin hawan jinina." Ya yi ajiyar zuciya. "Zan sa a buga mata takardar dakatarwa. Ke kuma ki rubuta rahoton ɓata, layi uku ya isa. Ƙarfe biyu a karanta, kowa ya tafi gida."

"Ka ba ni zuwa ƙarfe uku."

"Na ba ki har huɗu, in zai sa ki ci abinci."

*

Inna Mai Shara tana zaune a kan bokitinta a ƙarƙashin matakala, tsintsiya a cinya.

"'Yar nan, shekara goma sha tara ina share ɗakin can. Ko allura na tsinta sai na ɗora ta a kan teburi. Yau ni ce ɓarauniyar takarda? Ni da ko sunana aka rubuta sai an nuna min?"

"Yaushe kika shiga jiya, Inna?"

"Ban shiga ba. Da ruwa ya ɗauke na zo da bokiti, na tarar da fitila a kunne, ƙofa a kulle ta ciki. Na ce masu aiki ne, na wuce."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa ya tambaye ni? Tun safe zagi nake sha, ba tambaya ba."

"Direban Kansila fa? Me kuke ƙullawa a bayan tanki?"

Inna ta harare ta. "Je ki tambaye shi. Amana ya ba ni, ban kuwa tsufa da cin amana ba."

*

Direban yana wanke motar maigidansa a inuwar katanga, tun ɗazu taya ɗaya yake gogewa. Mai-sawu ta dubi ƙafarsa: takalmi lamba arba'in da biyar, dunduniyar hagu ta cinye. Da ya bi bayan ginin nan da ko makaho ya gani.

"Hajiya, in kama ni kika zo yi, ki bari in ɗauraye kumfar."

"Ni ba 'yar sanda ba ce. Me ka nema wajen Inna?"

Ya matse tsumma, ya waiga hagu da dama. "Ni na tuƙa motar asibitin ranar nan. Maigida ya ce je ka karɓo mabuɗi, yanzu za a dawo da ita. Ina sauke siminti wayata tana ta kuka a aljihu, na ƙi ɗauka. Wata biyu ke nan matata in ta miƙo min abinci ba ta duban fuskata." Ya jefa tsumman cikin bokiti. "Tambayar Inna na yi, in mutum yana son ya yi magana a zaman nan, ta wace ƙofa yake shiga, kuma sai an kira shi ne ko zai iya tashi da kansa."

"Dokar ta ce duk wanda ya gani da idonsa zai iya ba da sunansa kafin a buɗe zama."

"To ai kin ce babu zama."

"Ni ban ce ba. Kada ka yi nisa."

*

Mai Rajista, wanda duk sakatariya ke kira Kati, yana zaune ya yi tagumi. Aljihun rigarsa cike yake da jajayen katuna, ko gaisawa za ka yi da shi sai ka ji kamar zai soka maka ɗaya a hannu. Ta nuna masa hoton.

Ya gyara tabarau. "Wannan ba aikina ba ne. Ni in na zare fayil, kati nake sokawa a gurbinsa, in rubuta rana da sunan wanda ya karɓa. Ko a mafarki haka nake yi."

"To mene ne wannan?"

"Ɗaga kunne. Aikin tsohuwar rajista ne, kafin a kawo kati. Ni ban tarar ba, labari na ji. In ka zare fayil sai ka ɗaga kunnen na bayansa, don in ka dawo da shi kada ka yi ta lalube. An ce shugabansu na wancan lokacin, da rula yake bugun yatsun wanda ya manta, har abin ya zauna musu a hannu."

Mai-sawu ta sake duban hoton. Wanda zai ƙona takarda ba ya alamta gurbinta. Wanda ya zare fayil ɗin nan yana da niyyar mayar da shi, gobe ko jibi, bayan ya zama gawa.

"Wa ya rage cikin 'yan tsohuwar rajista?"

"Sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya." Kati ya shiga jera katunansa, ya ƙi ɗago kai. "Ni dai ban ce komai ba. Ina da 'ya'ya biyar." Sannan ya ɗaga biro ya nuna silin, inda ofishin Sakatare yake.

*

Ƙarfe ɗaya wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"Kawunki ya kira ni. Ya ce kin hana kowa sakat a ofis, ko ruwa ba ki sha ba. Ke wai ba za ki bi a hankali ba? Wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya, ki bar shi ya sauka lafiya. Mutumin da ya yi ta kai ki makaranta a keke."

"Na sani, Mama."

"Kin sani, kin sani. Halin ubanki ne sak, in ya sa kai a ƙasa ko gobara ake ba ya ɗagowa."

Ta kashe wayar ta tsaya a baranda. A kan bencin da ke ƙofar zaure Ungozoma tana zaune tun takwas, cikin fararen kayan aikinta, jaka a cinya.

"An ce ya ɓata," in ji Ungozoma. "Ban yi mamaki ba. Abokan aikina sun ce min wahalar banza nake. Na ce ko ba komai zan zo in zauna har huɗu, a kulle ƙofa ina kallo."

"Anti, kin ci wani abu?"

"Na saba. Haihuwar fari takan kai awa ashirin."

Mai-sawu ta juya ta hau matakala, ta wuce ofishin kawunta, ta ƙwanƙwasa na Shugabar kwamitin.

*

Shugabar tsohuwar malamar makaranta ce, rabin ma'aikatan ginin sun sha bulalarta. Ƙarfe uku saura kwata ta sa aka tara mutane a ɗakin ajiya: Inna, Direba, Kati, Sakatare da kundinsa, mambobi biyu, da Kansila da kansa, wanda ya shigo yana duba agogo, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

"Ranki ya daɗe," in ji Kansila, "ni mai bin doka ne. Na zo a saurare ni. In babu takarda, ai ba laifina ba ne."

"Zauna, ɗan nan. Tun kana aji uku kake da saurin magana." Ta juya ga Mai-sawu. "Muna jin ki."

"Abu ɗaya nake roƙo. Kowa ya zaro min fayil ɗaya daga durowa ta uku, wanda zan faɗa. Ina son in ga tsawon lokacin da yake ɗauka."

Inna ta fara. "Wane launi?" ta tambaya, aka yi dariya. Ta zaro shuɗi da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Direba ya fizgo nasa har biyu suka biyo shi. Kati ya zare nasa, ya soka jan kati, ya rubuta rana, ya nemi Mai-sawu ta sa hannu.

"Kawu, saura kai. Lamba tamanin da bakwai."

"Uwata, wannan wasan yara ne." Ya matso, kundin yana nan a hammatarsa ta hagu, ya sa hannun dama cikin durowar ba tare da ya duba ba, fuskarsa tana wajen Shugaba. "Ranki ya daɗe, shekara talatin da huɗu ina aikin nan. Na ga kwamiti takwas. Yaran yanzu gani suke da an buga teburi duniya za ta gyaru. Ga shi."

Ya miƙo fayil ɗin. Ba wanda ya karɓa. Duk ɗakin durowar ake kallo. Fayil na tamanin da takwas ya karkata, kusurwarsa ta ɗago sama, an tokare gindinsa daram.

Mai-sawu ta ɗora wayarta kusa da shi, hoton safe yana haske. Ta yi bayanin taɓon da babu sawu, da gilashin da ya zube waje, da fitilar da Inna ta gani. Sannan ta ce:

"Mutum ɗaya ya rage a ginin nan da hannunsa ya san wannan aikin. Ya fasa taga don a ce ɓarawo ne, amma hannunsa bai yarda ya zare fayil ya bar gurbi babu alama ba."

Sakatare ya dubi hannunsa na dama kamar na wani ne. "An bincike ofishina," ya ce a hankali.

"An bincike ofishinka, Kawu. Ba a bincike hammatarka ba. Tun safe ba ka ajiye kundin nan ba, ko da za ka zaro fayil. Ɗan tsohuwar rajista ba ya fitar da takarda daga gini, ba ya kuma ƙona ta. Wuri yake nema mata inda ba mai buɗewa. A duk sakatariyar nan, wa ya taɓa buɗe dokokin kwamiti?"

Shugaba ta miƙa hannu, irin miƙawar da take yi wa ɗalibi mai ɓoye takarda a jarrabawa. Ya ba ta. Ta buɗe. Tsakanin babi na huɗu da na biyar ga fayil ɗin Ungozoma, siriri, sa hannunta da shuɗin biro a ƙasa.

"Gobe zan mayar da shi," in ji Sakatare. "Ko shafi ɗaya ban taɓa ba. Kansila ya ce min zama kawai ba ya so a yi, na ga me za a fasa? Yaron ya riga ya rasu. Zaman lafiya na nema wa kowa."

"Ban san wannan mutumin ba," in ji Kansila.

"Ka san shi jiya ƙarfe huɗu," in ji Direba daga bayan ɗaki. "Ni na kai ka ƙofar ofishinsa, maigida. Ranki ya daɗe, a rubuta sunana cikin shaidu."

Inna Mai Shara ta gyara ɗaurin zanenta, ta dubi Sakatare sama da ƙasa. "Takardar dakatarwar da ka sa a buga min, kada a yar. A canza suna kawai, a rage ɓarnar takarda."

*

Ƙarfe uku da minti talatin da takwas Shugaba ta ɗora ainihin takardar a kan teburin zaure. Ta cire Sakatare daga kujerarsa ta zaunar da Kati, ta ƙirga mambobi uku, ta ce adadi ya cika, zama ya buɗe. Mutanen baranda, waɗanda da safe suka rataye Inna da baki, suka yi ta turereniya a ƙofa. Ungozoma ta miƙe, ta ajiye jakarta, ta faɗi sunan matar, da lokacin da naƙuda ta juya, da yawan kiran da ta yi: goma sha ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Kansila ya nemi ya yi mata tambaya kamar yadda doka ta ba shi dama, aka ba shi, ya ce ba shi da tambaya.

Mai-sawu tana tsaye a jikin bango, yunwa tana cin ta, amma ji take kamar ta fi ginin tsawo. Kawunta ya zo wucewa da jakarsa, ya tsaya kusa da ita bai dube ta ba.

"Wa ya koya miki duba gindin fayil?"

"Kai ka ce in riƙa lura da aiki, Kawu."

Ya gyaɗa kai ya sauka matakala.

Kwana tara aka yi ana zama. Aka dakatar da Kansila, aka tura batunsa gaba, aka rubuta cewa daga yau mabuɗin motar asibiti a wuyan ungozomar da ke bakin aiki zai kwana. Mahaifiyar Mai-sawu ta yi mako biyu ba ta ɗaukar wayarta. Cikin watan da ya biyo baya ƙorafi goma sha huɗu suka shigo, Kati har ya nemi a ƙaro masa katuna.

Goma sha huɗu, a gari mai dubban mutane. Naka ba ya ciki. Kwamitin nan ba na Ungozoma ba ne, ba na Mai-sawu ba ne, kuma ba kullum za a sami mai tsugunawa ta duba taɓo ba. Akwai abin da ka sani wanda ya wuce hira a bakin shago. Ka rubuta shi yau, ka sa ainihin sunanka, ka kai da ƙafarka. Kada ka bar teburin sai an buga maka hatimi a kwafinka an rubuta rana. Ka koma gida ka ƙirga kwanakin a bango, ranar zama kuma ka zo da maƙwabcinka, ku zauna a bencin gaba.